Numfashin da Na Koya wa Baba

Talata, 4 ga Maris, 2008, bayan La'asar

Sista Alice, nas ɗin ɗakin da aka kwantar da Baba, ita ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta abin da ya sha da abin da ya fitar. Shafi ɗaya ya ishi wannan aikin. Sauran shafukan nawa ne, tunda ba wanda zan buɗe wa baki a asibitin nan ba mu ƙare da zagi ba.

Ya sha: leda ɗaya ta fiya wata. Ita ce rabonsa daga asuba zuwa asuba, har da na haɗiyar magani.
Ya fitar: abin da bai rufe gindin kwalbar fitsari ba.

Yau kwana huɗu da aka kwaso shi daga titin da suke zuba wa kwalta a bayan Asokoro. Ya faɗi da shebur a hannu, rana tsaka. Likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, duka biyun. Na ce ta tsaya kamar yaya, mota ce? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wani lokaci takan tashi, wani lokaci ba ta tashi, mu dai sa ido a kan kwalba. In ta fara cika, Baba zai koma gida da ƙafarsa. Na ce in ba ta fara ba fa? Sai wayarsa ta yi ƙara.

Shekara goma sha tara Baba, Malam Yamusa, yana shimfiɗa wa garin nan tituna. Ko ɗaya bai bi ta ƙofar gidanmu a Kurudu ba.

Laraba, 5 ga Maris, da hantsi

Fanka uku a ɗakin, ɗaya ke juyawa, ita ma kamar an sa ta dole.

Yaya Batulu ta zo daga Karu da kunun gyaɗa a fulas, Sista Alice ta tare ta a ƙofa. "Madam, kunu ruwa ne. Miya ruwa ne. Kankana ma ruwa ne. Ƙoda ba ya aiki, duk abin da ya shiga zai zauna, ya hau masa ƙirji." Yaya ta ce, "Mutum ya faɗi don ƙishirwa, ku kuma ku hana shi ruwa? Asibiti ne nan ko gidan yari?"

Likita ya tambaya ko Baba ba ya shan ruwa a wurin aiki. Yaya ta ce, "Baba? Ai da jarkarsa yake fita kullum." Sai ya juyo gare ni, tunda ni kaɗai na rage a gida tare da shi tun rasuwar Inna. Ni da duk unguwa ta shaida bakina ba shi da linzami, na tsaya ina karanta kalandar bango.

Alhamis, 6 ga Maris, da azahar

Kwalba tana nan yadda take.

Juma'a, 7 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Na dawo na tarar yana yin abin. A kishingiɗe, ido a rufe, harshe a waje a naɗe, yana zuƙar iska. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Ubana, a gaban marasa lafiya goma sha ɗaya. Ya buɗe ido ya ce, "Farfesa, ba kai ka koya mini ba?" Allah ya sa Yaya tana waje.

To bari in rubuta, ko ba komai takarda ba ta kai tsegumi.

Bara na sayi wani littafi a ƙasa, wurin mai baza tsofaffin littattafai a ƙarƙashin gadar Nyanya. Ba bango, ba sunan marubuci, sai hotunan Indiyawa sun harɗe ƙafafu. Yoga suke ce wa abin, motsa jiki ne da sarrafa numfashi. Ni daga aji biyu na bar sakandare, Turancina a jaridun da nake sayarwa a gosulon mahaɗar AYA na tsince shi, don haka in na ci karo da littafin da na iya kaiwa ƙarshensa, sai in ji kamar ni na rubuta. A shafi na sittin da ɗaya akwai wani numfashi na lokacin zafi, sitali sunansa. Ka fito da harshe, ka naɗe gefensa biyu ya zama kamar bututu, ka ja iska ta ciki a hankali, ka rufe baki, ka fitar ta hanci. Sau goma. Iskar tana shiga da sanyi kamar ta bi ta kan randa. Littafin ya ce yana sanyaya jiki, yana kwantar da fushi, yana kashe ƙishirwa.

Na fushin ƙarya ne, ni ne shaida. Na ƙishirwar gaskiya ne. Da ma shi ne ya zama ƙaryar.

A watan Janairu aka kawo musu sabon foman, wani Wakili. Ya tara su ya ce shi ba ya son tsofaffin da rabin yininsu ke ƙarewa tsakanin tankin ruwa da bayan daji, za a rage ma'aikata, kowa ya san kansa. Baba yana da hamsin da takwas. In ya sha ruwa sai ya zaga, in zai zaga sai ya nemi wuri mai nisa ya tsuguna ya yi tsarki yadda ya kamata, shi ba mai tsayuwa jikin katanga ba ne. Ya dawo gida yana faɗa mini, ba don neman shawara ba, don dai ya sauke abin daga ransa. Ni kuma na gyara zama na ce, "Baba, ai akwai ilimi."

Mun sha dariya ranar. Harshensa ya ƙi naɗuwa sai da muka kwana uku muna fama, yana cewa in wani ya leƙo zai ce aljanu sun shiga gidan Yamusa. Daga nan jarkarsa ta fara dawowa da nauyinta. Ni nake karɓa a ƙofa. Ina jin nauyin, ina jin daɗi.

Lahadi, 9 ga Maris, da safe

Jiya aka yi masa wankin ƙoda na farko. Awa huɗu jininsa na fita ta roba, ya zaga cikin inji, ya dawo. Ya fito kamar tsumman da aka matse, amma ya gane mutane, har ya tambaya ko an ba akuyarsa dusa.

Ya fitar: kamar cokali huɗu. Na ɗaga kwalbar ga hasken taga ya fi sau goma, kamar kallo ne zai ƙara ta.

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Na je Kurudu na ba akuya dusa. Na ƙone littafin a bayan ɗaki. Ko cin wuta bai iya ba, hayaƙi kawai.

Laraba, 12 ga Maris, bayan Azahar

Yaya ta zo da rubutu a gora daga wurin malaminsu, cike fal, ya kai leda biyu. Sista Alice ta ce ita ba ta hana addu'a ba, amma ruwa ruwa ne ko me aka wanke a cikinsa, in zai sha a cire daga rabonsa. Yaya ta ce, "Ayar Allah ce za ki auna da sirinji?" Sista ta ce, "Ni ma ina da Allah, madam. Shi ya ba ni sirinjin."

Sai na tsoma baki. Na ce, "Yaya, wallahi jahilcinku ne zai kashe mutumin nan."

Ni. Ni na faɗi haka, kuma bakina ko rawa bai yi ba.

Baba ne ya raba gardamar. Ya ce a ɗauke ledar yau, a auna masa rubutun a madadinta. Haka ya yini yana kurɓar ruwan tawada mai ɗumi, murfin gora ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ko banza wannan yana da ɗanɗano."

Alhamis, 13 ga Maris, da hantsi

Na tare Sista Alice a baranda na ce wani abokina ne ya karanta wani abu a littafi, ya koya wa babansa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wannan abokin naka, shi ma jarida yake sayarwa?"



Ta ce, "Ka ji, Surajo. Abin yana sanyaya baki, ba ƙarya. In mutum yana zaune a inuwa, ga ruwa a gefe, ya yi abinsa, har hankali yana kwantawa. Amma ƙishirwa ɗan aike ne. Kai ka kori ɗan aike, saƙo yana nan. Jiki yana zubar da gumi a kan kwalta, ba wanda ya zo ya gaya masa ya sha." Ta ce kuma Baba yana da hawan jini ba tun yau ba, ga ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan talla da yake watsawa a baki kamar gyaɗa, ƙodar ta daɗe da gajiya.

Na ce, "To ba ni ba ne ke nan."

Ta gyara agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Ta ce, "Ban ce ba."

Har ta juya ta dawo. "Kuma ka daina yi masa ihu in yana yi. Yanzu ne abin yake da amfani, tunda mun hana shi ruwa. Ka bar tsoho ya ji sanyi."

Abin da ya kayar da shi, shi ne aka ce in bar masa. Na so in fasa gilashin taga, sai na ga babu gilashin ma.

Asabar, 15 ga Maris, rana tsaka

Na je wurin aikinsu don in zagi Wakili. Tun daga Nyanya nake tanadin zagin, na jera shi daki-daki, har da wanda zan rufe da shi. Duk hanya gine-gine na tashi kamar an shuka su da daddare an yi musu ban ruwa. Jaridun da nake sayarwa kullum sai sun ce ƙasa ta yi arziki, gangar mai ta wuce dala ɗari. Madalla. Allah ya sanya alheri.

Na iso suna hutun rabin awa. Kwalta na tururi, takalmina na mannewa. A inuwar motar danne titi na hango mutane zaune a jere, ban gane me suke yi ba sai da na matso. Harsuna a waje, a naɗe. Mutum bakwai na ƙirga.

Maiturare, abokin Baba tun zuwansu garin nan, shi ya fara ganina. "Ɗan Yamusa! Ya jikin tsohon? Kai, Allah ya yi maka albarka, wannan dabara taka ta fi ƙanƙara."

Baba ya koya musu. Mutumin da ko goro ya samu sai ya raba.

Na ce ku bari! Na ce ku tashi ku sha ruwa, wallahi wannan ne ya kayar da Baba. Suka dubi juna. Maiturare ya ce, "Haba yaro, na Yamusa ai hawan jini ne. Ga mu nan garau. Tun da muka fara, oga bai sake kiran sunan ko ɗayanmu ba." Wani ya ce, "In mun bari, kai za ka ɗauke mu aiki a gidan jarida?" Suka yi dariya.

Ihuna ne ya fito da Wakili daga motarsa, sanyin cikin motar na biyo shi. Aka gaya masa ko ni wane ne. Ya ce Allah ya ba Malam lafiya. Na ce kai ka hana su shan ruwa. Ya nuna da mukullin mota. "Ga tanki can, cike yake. Na ɗaure wani? Na taɓa cewa kar a sha?" Na duba, cike yake kuwa, har yana ɗiga.

Na lalubi zagin da na tanada na rasa. Guda ɗaya na tsinta, na uwa, na jefa masa. Masu gadi suka tisa ƙeyata har titi.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Ƙafafunsa sun kumbura. In ka danna da yatsa, ramin ba ya komawa. Kwalba kuwa, kwalba.

Talata, 18 ga Maris, da azahar

Na fita da jarida yau, kada mai ba ni ya ba wani wurina. Wajen sha biyu zafi ya kai inda ya kai, sai kawai na ji harshena ya fito da kansa ya naɗe. Na cije shi har na ji gishirin jini.

Laraba, 19 ga Maris, bayan La'asar

Wanki na uku. Ko minti arba'in bai yi a kan injin ba jininsa ya yi ƙasa, idonsa ya juye, suka cire robobin da gudu. Ya farfaɗo. Likita ya kira mu gefe ya ce zuciyarsa ba za ta sake ɗaukar injin ba. Yaya ta ce to sai me? Ya ce sai addu'a.

Na ce, "Shekara nawa ka yi a jami'a kafin su koya maka wannan?"

Bai yi fushi ba. Da ya yi, da na ji sauƙi.

Juma'a, 21 ga Maris, da azahar

Na je har ƙofar masallaci na dawo.

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Na gaya wa Yaya. A bakin famfon bayan ɗaki, tana wanke rigar Baba. Na faɗi duka, littafin, Wakili, kwana ukun da muka yi muna dariya. Hannunta bai tsaya ba.

Can ta ce, "Jarkar. Kana ganinta tana dawowa a cike?"

Na ce e.

"Tsawon wane lokaci?"

Na ce sati shida.

Ta matse rigar, ta sake matsewa, ba sauran ruwa amma tana murɗawa. Na jira ta mare ni. Na matso ma don ta samu sauƙin kaiwa. Ta ce, "Kai ne ka ce mini jahila." Ta shanya rigar, ta daidaita kafaɗunta a kan igiya. "Kada dangi na Zariya su ji. Ba don kai ba."

Tun daga nan ba ta sake kiran sunana ba. In tana son abu sai ta ce wa iska, a miƙo tawul.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Harshensa ya kumbura ya tsattsage, ya daina naɗuwa. Tun safe nake kallonsa yana gwadawa, ina yi kamar ina karanta jaridar jiya. Ya yafito ni.

"Farfesa, abin ya ƙi. Ba ka taɓa cewa akwai na waɗanda harshensu ba ya naɗuwa ba?"

Na ce na ƙone littafin.

"Har da kan naka ka ƙone?"

Na durƙusa a gefen gadon na ce Baba ka yafe mini. Ban taɓa jin muryata haka ba, kamar ta aro. Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya ce, "Na yafe tun ba ka roƙa ba. Amma kai ma da haɗama kake. Kada ka kwashe laifin duka, ka rage mini nawa. Ni na ji tsoron Wakili fiye da yadda ya kamata a ji tsoron mutum." Ya huta. "To koya mini, maƙogwarona kamar an zuba yashi."

Na koya masa. Ka haɗa haƙora, ka buɗe leɓɓa, harshe a kwance a bayansu, ka ja iska ta tsakanin haƙoran kamar wanda yaji ya kama, ka fitar ta hanci. Ya ce in yi ya gani. Na yi. Muka yi tare, ina ƙirga masa da yatsa a kan zanin gado, har goma. Yaya tana tsaye a ƙofa da roba a hannu. Ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba.

Ya ce, "Akwai sanyi."

Akwai. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, har yanzu akwai.

Laraba, 26 ga Maris, da azahar

Sista Alice ta zo ta duba shi, ta daɗe da abin sauraro a ƙirjinsa. Ta miƙe ta ce, "Daga yau ku ba shi duk abin da yake so. Surajo, ka daina rubutawa." Yaya ta ce alhamdu lillahi, har ta ɗaga hannu sama. Sai ta ga fuskar Sista, ta sauke hannun a hankali.

Na ruga bakin get na ɗauko jakar fiya wata guda, mai sanyi, tana ɗiga a kafaɗata. Na huda leda na kai bakinsa. Ya kurɓa sau biyu. Ya kau da kai ya ce ya isa.

Kwana ashirin da shida yana mafarkin ruwa. Yanzu ga leda ashirin a ƙarƙashin gado suna hucewa.

Ya sha: kurɓi biyu. An ce in daina, hannuna ne bai ji ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Goma da kwata na safe. An kai shi bayan La'asar. Hadari ya haɗu ta gabas, ya tsaya yana kallonmu, ya watse.

Lahadi, 30 ga Maris, bayan Azahar

Addu'ar uku. Abokan aikinsa sun zo su tara, a bayan motar yashi. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, inuwar ba ta kai rabinta ba. Wakili ya aiko da gaisuwa da buhun shinkafa. Yaya ta ce a ajiye shi a waje.

Ana tsakiyar addu'a na ji sautin. Na ɗaga kai. Maiturare ne, hannayensa a sama yana amin, harshensa a naɗe. Bai ma san yana yi ba.

Ban yi ihu ba. Na shiga ciki na ɗauko jarkar Baba, tana nan a bayan ƙofa inda na saba ajiye ta. Na zubar da tsohon ruwan, na cika ta a randa. Da na juyo sai ga Yaya ta miƙo mini babban kwanon sha, ba ta dube ni ba.

Na fara da Maiturare. Ya kurɓa ya ce madalla, zai miƙo. Na ce shanye. Ya ce ai ya ƙoshi. Na ce, "Baba Maiturare, a ƙofar gidan Yamusa kake. Shanye." Ya dube ni, ya dubi jarkar, ya gane ta. Ya kafa kai. Na tsaya a kansa har sai da na ga gindin kwano. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, su tara. Jarkar ta koma ciki ba nauyi.

Gobe Litinin. Ƙarfe bakwai suke kama aiki, kuma an ce ranar Juma'a za a karanta sunayen waɗanda za a rage.